Galileo: Malamin da ya auna faɗuwar abubuwa, ya ƙare rayuwarsa a ɗaurin talala

A ce yaro a Ambursa ya hau bene da balan-balan biyu cike da ruwa, ɗaya ƙato kamar kankana, ɗaya ƙarami kamar lemon zaƙi, ya sake su a lokaci guda. Wanne zai riga fashewa a ƙasa?

Yawancin mutane, manya da yara, za su ce ƙaton ne, domin ya fi nauyi. Amma duk wanda ya gwada zai ji ƙarar fashewarsu kusan tare. Ko da ledar fiya wata aka yi gwajin, a saki ƙulli ɗaya a hannun dama da ƙulli biyar ɗaure wuri guda a hannun hagu, sakamakon ba zai canza ba.

Wannan amsa da yaro zai samu cikin daƙiƙa ɗaya ta ɗauki masana kusan shekara 2,000 kafin su yarda da ita. Mutumin da ya fi kowa ɗawainiyar tabbatar da ita shi ne Galileo Galilei, wani malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya, wanda bai kammala jami'a ba, ya sha fama da bashi, ya yi suna a duk nahiyar Turai, sannan ya rasu makaho yana tsare a cikin gidansa bisa hukuncin kotun coci.

Ɗan makaɗi

An haifi Galileo ranar 15 ga Fabrairun 1564 a birnin Pisa. A wannan ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya kewaye Surame da ganuwa.

Mahaifinsa Vincenzo Galilei makaɗin wani irin molo ne na Turawa, kuma marubuci a kan ilimin kiɗa. Mahaifiyarsa sunanta Giulia Ammannati. Gidansu na da asali, amma babu kuɗi, kuma Galileo ne ɗan fari.

Vincenzo mutum ne mai gardama da abin da aka gada. Malaman kiɗa na zamaninsa suna da wasu ƙa'idoji na lissafi da suka karɓa daga littattafan Girkawa a kan yadda sautin tsarkiya yake sauyawa. Shi kuwa sai ya riƙa rataya duwatsun awo masu nauyi daban-daban a jikin tsarkiya yana kaɗawa yana saurare, har ya nuna cewa wani ɓangare na abin da aka rubuta bai dace da abin da kunne ke ji ba.

A irin wannan gida Galileo ya tashi. Ya iya kaɗa molon, ya iya zane, ya kuma ga yadda ake auna maganar littafi da gwaji.

Bayan iyalin sun koma Florence, an kai shi karatu gidan malaman coci da ke Vallombrosa. Ya so ya zauna a cikinsu, amma mahaifinsa ya ɗauke shi, domin burinsa ɗansa ya zama likita ya tallafi gida.

Ya bar likitanci ya kama lissafi

Yana ɗan shekara 17 ya shiga Jami'ar Pisa don karatun likitanci. Karatun bai kwanta masa ba. Abin da ya ɗauke hankalinsa shi ne darussan wani malamin lissafi na fadar sarkin Tuscany mai suna Ostilio Ricci, wanda ya buɗe masa littattafan Euclid da Archimedes.

A 1585 ya bar jami'a ba tare da digiri ba. Ya shiga koyar da lissafi a gidajen masu hali don neman abin sakawa a bakin salati. A 1586 ya rubuta ɗan littafi a kan wani sikeli da ake auna ƙarfe da shi a cikin ruwa, wanda zai iya tona asirin zinariyar da aka gauraya da azurfa.

Manyan masana lissafi sun fara jin sunansa, musamman Guidobaldo del Monte, wanda ya tsaya masa har aka ba shi kujerar koyar da lissafi a Jami'ar Pisa a 1589. Yana da shekara 25, ya koma koyarwa a makarantar da bai gama ba. Albashinsa sukudi 60 ne a shekara, a lokacin da manyan malaman likitanci ke karɓar ninkin-ba-ninkin haka.

Abin da ake koyarwa a lokacin

A jami'o'in Turai na wancan zamani, maganar Aristotle, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ita ce ƙarshen zance. Ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa gwargwadon nauyinsa. Wato dutsen da ya ninka wani sau goma zai ninka shi sauri sau goma.

Ba Galileo ne ya fara ja da wannan magana ba. Tun a ƙarni na 6, wani malami a Askandariya ta Masar mai suna John Philoponus ya rubuta cewa idan aka saki abubuwa biyu masu bambancin nauyi daga tsayi ɗaya, tazarar lokacin saukarsu kaɗan ce ƙwarai.

A Andalus ma, Ibn Bajja, wanda ya rasu a birnin Fas a wajajen 1138, ya saɓa wa Aristotle a kan rawar da iska ko ruwa ke takawa wajen motsin abu. Ra'ayinsa ya isa jami'o'in Turai ta hanyar sharhin Ibn Rushd da aka fassara zuwa Latin.

A 1586 kuma, Simon Stevin na ƙasar Holan ya buga bayanin gwajin da ya yi: ya saki ƙwallayen darma biyu, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau goma, daga tsayin ƙafa 30 zuwa kan katako, aka ji ƙararsu kamar bugu ɗaya.

Duk da haka makarantu ba su sauya darasi ba. Malami ya karanta Aristotle, ɗalibi ya haddace, a ci jarrabawa.

Labarin hasumiyar Pisa

Labarin da ya fi shahara a kan Galileo shi ne cewa ya hau hasumiyar Pisa mai karkata, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 56, ya saki ƙwallaye masu nauyi daban-daban a gaban malamai da ɗalibai.

Asalin wannan labari daga ɗalibinsa Vincenzo Viviani ne, wanda ya rubuta tarihin malamin nasa a 1654, shekara 12 bayan rasuwarsa. Galileo da kansa bai rubuta cewa ya yi wannan gwaji a hasumiyar ba, shi ya sa masana tarihi da dama ke ɗari-ɗari da labarin.

Abin da ya tabbata a rubutunsa hujja ce ta hankali da ko yaro zai iya bi. A ɗauko babban dutse da ƙaramin dutse a ɗaure su da igiya a sake su. Idan maganar Aristotle gaskiya ce, ƙaramin zai riƙa jan babban baya saboda rashin saurinsa, don haka su biyun za su fi babban shi kaɗai jinkiri.

Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, don haka bisa wannan ƙa'ida ya kamata su fi shi sauri. Abu ɗaya ba zai fi sauri kuma ya fi jinkiri a lokaci guda ba. Ke nan ƙa'idar ce ta ci karo da kanta.

Galileo mai kaifin harshe ne, ba ya raga wa abokan aiki a muhawara. Har waƙar ba'a ya rubuta a kan dokar da ta tilasta wa malaman jami'a sanya doguwar rigar malanta. Da wa'adin aikinsa na shekara uku ya ƙare, babu mai marmarin ya ci gaba da zama a Pisa.

Bashi da ɗawainiyar gida

A 1591, shekarar da sojojin Maroko suka murƙushe rundunar Songhai a Tondibi, mahaifinsa ya rasu. Nauyin mahaifiya da ƙanne ya dawo kansa.

A al'adar Italiya ta lokacin, dangin amarya ne ke biyan ango maƙudan kuɗi, abin da ya zarce kayan ɗaki da gara da aka sani a ƙasar Hausa. Galileo ya ɗauki alkawarin biyan na ƙannensa mata biyu, Virginia da Livia. Ƙanensa Michelangelo, wanda ya gaji kiɗa, bai biya nasa kason ba. Har barazanar kai Galileo kotu aka yi a kan wannan bashi.

A 1592 ya samu aiki a Jami'ar Padua, a ƙarƙashin Jamhuriyar Venice, inda ya shafe shekara 18. Albashin ya fi na Pisa, amma bai isa ba. Sai ya mayar da gidansa masaukin ɗalibai masu biyan kuɗi, yana koyar da 'ya'yan manya dabarun gina ganuwar yaƙi. Ya kuma ƙera wani ma'aunin lissafi na tagulla da sojoji da magina ke amfani da shi, ya ajiye maƙeri a gidansa yana ƙerawa ana sayarwa.

A nan ne ya haifi 'ya'ya uku da wata mata 'yar Venice mai suna Marina Gamba, ba tare da an ɗaura musu aure ba: Virginia a 1600, Livia a 1601, da Vincenzo a 1606.

Katako, ƙwallo da agogon ruwa

Sanin cewa abubuwa suna sauka tare rabin aiki ne. Tambayar da ta rage ita ce yadda saurinsu ke ƙaruwa yayin faɗuwa. Matsalar ita ce faɗuwa tana da sauri ƙwarai, kuma a lokacin babu agogon da ke ƙirga daƙiƙa daidai.

Dabarar Galileo ita ce ya rage wa faɗuwar sauri. Ya samu katako mai tsawon kimanin mita 7, ya fafe kwari a tsakiyarsa, ya shimfiɗa fata mai santsi a ciki, ya ɗaga gefe ɗaya kaɗan ya zama gangare. Sai ya riƙa sakin ƙwallon tagulla yana gangarowa.

Don auna lokaci kuwa, ya rataye babban mazubin ruwa mai siririn bututu a ƙasa. Da ya saki ƙwallo sai ya buɗe bututun ruwa ya zuba a kofi, da ƙwallon ya isa sai ya toshe. Sannan ya ɗora ruwan a sikeli. Ruwa mai nauyi biyu yana nufin lokaci ninki biyu. Ya rubuta cewa ya maimaita gwaje-gwajen har sau ɗari.

Abin da ya gano shi ne: idan ƙwallo ya yi tafiyar kamu 1 a lokaci na farko, a na biyu zai yi kamu 3, a na uku kamu 5, a na huɗu kamu 7. In aka tara, za a samu 1, 4, 9, 16. Wato idan lokaci ya ninka sau biyu, nisa zai ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau uku, nisa zai ninka sau tara.

Wannan ƙa'ida ta bayyana a wasiƙar da ya aika wa abokinsa Paolo Sarpi a 1604. Daga baya wasu masana sun yi shakkar ko kayan aiki irin nasa za su iya ba da sakamako mai kyau haka, har sai da wani ɗalibi a Amurka, Thomas Settle, ya sake yin gwajin da irin waɗannan kaya ya buga sakamakonsa a 1961, ya nuna cewa dabarar tana aiki.

Da awon zamani, abin da aka saki yana faɗuwar mita 4.9 a daƙiƙa ta farko, mita 19.6 cikin daƙiƙa biyu, mita 44.1 cikin daƙiƙa uku. Ita ce ƙa'idar da ɗaliban sakandare ke cin karo da ita a jarrabawar WAEC da NECO.

Tana kuma da amfani a gida. Wanda ya jefa tsakuwa a rijiya ya ƙirga daƙiƙa biyu kafin ya ji ƙarar ruwa, ya san zurfinta ya doshi mita 20. Balan-balan ɗin ruwa da aka saki daga bene mai tsayin mita 5 zai ɗauki daƙiƙa ɗaya. Don ya ɗauki daƙiƙa biyu, sai an hau mita 20, ba mita 10 ba.

To ina batun gashin kaza?

Nan ne inda ido ke yaudarar mutum. Kowa ya ga dutse ya riga gashin kaza ko takarda sauka. Galileo ya ce laifin iska ne. Iska tana tare abin da ke ratsa ta, kuma ta fi tasiri a kan abu marar nauyi mai faɗi.

Shi ya sa idan aka hura balan-balan da iska kawai aka sake shi tare da mai ruwa, mai ruwan zai bar shi a sama yana shawagi. Idan aka dunƙule takarda kuwa, nauyinta bai ƙaru ba, amma za ta sauka kusan tare da dutse.

Galileo ya kammala da cewa da za a cire iska gaba ɗaya, ulu da darma za su sauka tare. A zamaninsa babu na'urar da za ta tsotse iska a gwada.

Wannan tarewar da iska ke yi rahama ce ga manomi. Da babu ita, ɗigon ruwan sama da ya taso daga girgije mai nisan kilomita 2 zai iso ƙasa da gudun kimanin kilomita 700 a awa, wanda babu shinkafar fadamar Rima da za ta tsaya masa. Saboda iska, manyan ɗigo ba sa wuce kilomita 30 da 'yan kai a awa.

Na'urar da ta ɗaga sunansa

A 1608 wani mai yin tabarau a Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar na'urar hangen nesa. Labari ya iso Venice a 1609. Galileo ya zauna ya goge gilasansa da hannunsa, ya haɗa tasa wadda ta fi ta Holan ƙarfi.

A watan Agustan 1609 ya hau da manyan Venice hasumiyar birnin, suka hango jiragen ruwa tun kafin ido ya gan su. Nan take aka ɗaga albashinsa zuwa fulorin 1,000 a shekara, aka kuma tabbatar masa da aikin har ƙarshen rayuwa.

Daga nan ya juya na'urar sama. Ya ga cewa fuskar wata ba sumul take ba kamar yadda ake koyarwa, akwai duwatsu da ramuka. Ranar 7 ga Janairun 1610 ya ga wasu ƙananan taurari uku kusa da duniyar Mushtari, bayan 'yan kwanaki ya ga na huɗu. Da ya bi su dare bayan dare, ya gane watanni ne da ke kewaya Mushtari.

A watan Maris na shekarar ya buga ɗan littafi mai suna Sidereus Nuncius, wato Manzon Taurari, kwafi 550, suka ƙare cikin ƙanƙanin lokaci. Ya raɗa wa watannin huɗu sunan gidan sarautar Medici. Sarki Cosimo na Biyu ya saka masa da muƙamin babban masanin lissafi da falsafa na fada.

Abokansa sun gargaɗe shi kada ya bar Venice, inda hukuma ke kare malamanta daga hannun Rum. Bai ji ba. Ya koma Florence a watan Satumban 1610.

A ƙarshen shekarar ya lura cewa Zara, tauraruwar da Hausawa ke kira matar wata, tana cika tana raguwa kamar wata, abin da ya nuna rana take kewayawa ba duniyarmu ba.

Gardamar ƙanƙara da ruwa

A 1611 wata muhawara ta ɓarke a Florence a kan dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa. Mabiya Aristotle sun ce faɗinta ne ke hana ta nitsewa. Galileo ya ce a'a, ƙanƙara ta fi ruwan da ya kai girmanta rashin nauyi ne, kuma ko an danna ta ƙasa za ta taso.

Ya buga littafi a kan haka a 1612. Dalilin nan ne ke riƙe da masuncin Argungu a Matan Fada: gorarsa da iskar da ke cikinta ba su kai nauyin ruwan da suke turewa ba, don haka ruwa ke ɗaga ta har da wanda ya kwanta a kanta.

Ya yi nasara a muhawarar, amma ya ƙara yawan maƙiya.

Takun-saƙa da coci

Tun 1543 Nicolaus Copernicus ya buga littafin da ke cewa duniya ce ke juyawa tana kewaya rana. Abubuwan da Galileo ya hango sun ƙara masa yaƙini da wannan ra'ayi, ya fara faɗa a fili.

Wasu malaman coci suka ce hakan ya saɓa wa zahirin wasu ayoyin Baibul. Galileo, wanda ya rayu ya mutu yana ɗan Katolika, ya rubuta wasiƙu yana bayanin cewa littafi mai tsarki ya zo ne don shiryar da mutane, kuma yana magana da harshen da jama'a ke fahimta, don haka bai dace a yi amfani da shi wajen ƙaryata abin da awo ya tabbatar ba. A lokacin da Cocin Katolika ke tsaka da rikici da 'yan Furotesta a kan wa ke da ikon fassara nassi, wannan magana daga bakin malamin lissafi ta yi nauyi.

Ranar 26 ga Fabrairun 1616, Kadinal Robert Bellarmine ya kira shi a Rum ya gargaɗe shi ya bar riƙe ra'ayin Copernicus. A watan Maris aka dakatar da littafin Copernicus har sai an gyara shi.

Galileo ma yana da nasa kurakuran. Babbar hujjar da ya dogara da ita wajen nuna cewa duniya na motsi ita ce cika da janyewar teku, kuma bayaninsa a kan haka ba daidai ba ne. Ya yi watsi da ra'ayin Johannes Kepler cewa wata ne ke jawo hakan, alhali Kepler ne ke da gaskiya. Ya kuma yi wa wani malamin ɗariƙar Jesuit, Orazio Grassi, kaca-kaca a rubuce a kan taurari masu wutsiya, duk da cewa Grassi ya fi shi kusa da gaskiya. Wannan ya raba shi da mutanen da a da suka karrama shi.

A 1623 abokinsa kuma masoyin rubutunsa, Maffeo Barberini, ya zama Paparoma Urban na Takwas. Galileo ya gana da shi sau shida a 1624, ya fito da fahimtar cewa zai iya rubutu a kan ra'ayoyin biyu matuƙar bai yanke hukunci ba.

Littafin ya fito a Fabrairun 1632, da harshen Italiyanci da kowa ke iya karantawa, a siffar hira tsakanin mutum uku. Duk mai karatu ya ga inda marubucin ya karkata. Mafi muni, hujjar da Paparoma ya nemi a saka, Galileo ya sanya ta a bakin Simplicio, wanda ya sha kaye tun daga farkon littafin har ƙarshe. Paparoma ya ɗauki hakan cin fuska daga aboki.

Shari'ar 1633

An umarce shi ya bayyana a Rum. Ya nemi uzuri da tsufa da rashin lafiya, ga annoba a ƙasa, amma aka ce ko dai ya zo da ƙafarsa ko a kawo shi a ɗaure. Ya isa ranar 13 ga Fabrairun 1633, kwana biyu kafin ya cika shekara 69.

An fara yi masa tambayoyi ranar 12 ga Afrilu. Masu tuhuma sun fito da wata takarda ta 1616 marar sa hannu da ke cewa an hana shi koyar da ra'ayin ta kowace fuska. Shi kuma ya fito da takardar da Bellarmine ya rubuta masa da hannunsa, wadda ta ce kawai kada ya riƙe ra'ayin ko ya kare shi.

An yi masa barazanar azabtarwa, ko da yake ba a aikata ba. Ya san cewa a 1600 an ƙone Giordano Bruno a wannan birni bayan kotun ta same shi da laifin bidi'a.

Ranar 22 ga Yunin 1633 aka yanke hukunci. Kadinal bakwai cikin goma suka sa hannu. Dattijon ya durƙusa ya karanta takardar janye ra'ayinsa. Aka haramta littafin, aka yanke masa ɗauri, wanda aka sassauta zuwa tsarewa a gida.

'Yarsa, makanta da littafin ƙarshe

Bayan watanni a gidan babban limamin cocin Siena, an bar shi ya koma gidansa da ke Arcetri a wajen Florence a Disambar 1633, da sharaɗin ba zai fita ko ya tara mutane ba sai da izini.

Gidan yana kusa da gidan zuhudu na San Matteo, inda ya kai 'ya'yansa mata biyu tun suna 'yan shekara 13 da 12, saboda yanayin haihuwarsu ya sa aurar da su zai yi wuya. Babbar, Virginia, wadda ta koma Maria Celeste, ita ce sanyin idonsa. Tana haɗa masa magunguna, tana ɗinke masa tufafi, tana kula da gidansa daga nesa lokacin shari'a. Har addu'o'in tuba da kotu ta ɗora masa duk mako ta karɓa tana yi a madadinsa. Wasiƙunta 124 zuwa gare shi suna nan har yau.

Wata huɗu da dawowarsa, ranar 2 ga Afrilun 1634, ta rasu tana da shekara 33.

A cikin wannan baƙin ciki ya koma kan tsofaffin takardunsa na Padua: katakon gangare, agogon ruwa, lilon abin da aka rataya a zare, da hanyar da jifa ke bi a iska. Tun da an hana buga duk wani rubutunsa a ƙasashen da ke ƙarƙashin ikon kotun, sai aka fitar da rubutun zuwa birnin Leiden na Holan, inda aka buga shi a 1638. Littafin, wanda ke bayani a kan sabbin ilimomi biyu, wato ƙarfin kayan gini da motsin abubuwa, shi ne masana da yawa ke ɗauka a matsayin mafi girman aikinsa.

Kafin littafin ya iso hannunsa ya makance. Ɗalibansa Viviani da Evangelista Torricelli ne suka zauna da shi a ƙarshe suna rubuta abin da yake shibta musu. Ko a lokacin yana tsara yadda za a yi agogo mai aiki da lilo, abin da Christiaan Huygens ya ƙera a 1656.

Ya rasu ranar 8 ga Janairun 1642 yana da shekara 77.

Bayan rasuwarsa

Sarkin Tuscany ya so a gina masa babban kabari, amma Rum ta hana. Aka binne shi a wani ɗan ɗaki a gefen cocin Santa Croce. Sai a 1737 aka mayar da gawarsa cikin babban zauren cocin. A yayin wannan aiki masoyansa suka cire yatsu uku da haƙori ɗaya, kuma yatsan tsakiya na hannun damansa yana ajiye a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Florence.

Isaac Newton na Ingila ya ɗora a kan aikinsa a littafin da ya buga a 1687, inda ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne ke riƙe da wata a hanyarsa. A 1835 aka cire littafin Galileo daga jerin haramtattun littattafai. Ranar 31 ga Oktoban 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya amince a bainar jama'a cewa malaman da suka hukunta shi sun yi kuskure, shekara 359 bayan shari'ar.

Gwajin da bai samu damar yi ba kuwa, an yi shi a duniyar wata, inda babu iska. Ranar 2 ga Agustan 1971, kwamandan kumbon Apollo 15, David Scott, ya tsaya a gaban kyamara da guduma mai nauyin kilo 1.32 a hannu ɗaya, da gashin shaho a ɗaya hannun, ya ambaci sunan Galileo, ya sake su daga tsayin kafaɗarsa.

Sun sauka a hankali, saboda jan da wata ke yi kashi ɗaya ne cikin shida na na duniya, suka taɓa ƙura a lokaci guda. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, kuma yana nan a intanet ga duk mai waya.